Babbar riga ba kwat ba ce

Ranar wata Juma'a, wajen ƙarfe 11 na safe, na ɓata wa wani Alhaji babbar riga. Sabuwar gezna ce fara tas mai aikin hannu, ko ruwa ba ta taɓa gani ba, kuma da ita zai je ɗaurin auren 'yarsa a Babban Masallacin Ƙasa da zarar an sallame. Sati uku ke nan a lokacin da ba ni takardar shaidar kammala horon batila, wato mai yi wa manyan baƙi hidima a otal, har na sa ta a gilashi na rataye a ɗakina na Mararaba.

Rigar ta sha ninki a akwati tun daga Kano, gabanta ya yi layi-layi. Ni kuwa abin da aka cusa mini a aji shi ne tufa mai tsada ba a danna mata ƙarfe, rataye ta ake yi a bi ta da tururi har ta saki jiki. Haka ake yi wa kwat ta ulu, kuma daidai ne. Sai na rataye riga, na kunna injin tururi, na faro daga kafaɗar dama. Ban kai ga aljihu ba na ga inda na bi ya dushe, yadin ya yi laƙwas kamar tsohon zanen gado, ga ɗigon ruwa ya bar tabo zagaye-zagaye. Taurin shadda da sheƙinta daga matsa da gogewar da aka yi mata a masaƙa suke, danshi kuwa shi ne ajalinsu. Kowane yaron shagon guga a Fagge ya san haka. Ni mai takarda a gilashi ban sani ba.

Na yi tsaye da injin a hannu, gumi na keto mini duk da sanyin ɗakin. Zuciya ta ce in ninke ta yadda tabon zai ɓuya in yi gum. Abin da ya cece ni wata magana ce da malaminmu ke maimaitawa har muka gaji da ji: in ka yi ɓarna kada ka bari baƙo ya gano da kansa, kuma kada ka je masa hannu rabbana, ka tafi da mafita. Na ciro sauran riguna biyun da ya zo da su, na shimfiɗa a kan gado kowace da hularta, sannan na leƙa falo. Yana tare da 'yan'uwa ana ta raha. Na jira har ya ɗago, na matsa na rusuna, na ce a hankali, "Ranka ya daɗe, na yi maka ɓarna, in da hali ka zo ka gani."

Ya shigo, ya ɗaga kafaɗar rigar, ya daɗe yana kallo. Can ya ce, "Kai ɗan ina ne?" Na ce Jos, ranka ya daɗe. Ya ce, "Shi ya sa. Ku rigar sanyi kuka sani." Ya nuna mai ruwan sararin samaniya ya ce in kawo ta. Da zai fita ya juyo ya ce, "Yaro, je ka wajen masu guga ka koyi guga." Bai kai ƙarata ba. Ni na kai kaina wajen oga, aka rubuta a fayil ɗina, otal ya yi masa tayin biyan kuɗin rigar, ya ce a bar shi.

Ga wanda bai san aikin ba, tunda ko a danginmu har yau wasu "mai kai abinci ɗaki" suke ce mini. A manyan otal akwai ɗakuna masu falo da ɗan kicin waɗanda ake ba baƙonsu mutum guda da zai tsaya masa tun daga saukarsa har tafiyarsa. Ba ya kiran kicin, ba ya kiran masu wanki, ba ya neman direba. Kai yake gaya wa, kai kuma ka san ƙofar da za ka buga. Wannan shi ne batila. Sunan daga wata tsohuwar kalmar Faransanci ya fito mai nufin mai kula da kwalabe, don a gidajen masu sarautar Turai shi ke riƙe da makullin ɗakin giya. Shi kuma balet aikinsa jikin maigida ne: tufafi, takalma, aski, shirya akwati. A da mutum biyu ne, otal ya haɗe mana su a wuya ɗaya. Abuja kuwa gari ne da aka gina don baƙi masu muƙami. Hilton ta buɗe a Maitama tun 1987, gwamnati ba ta ma taso daga Legas ba sai Disambar 1991, kuma tun daga nan ba a rasa wani sarki ko gwamna da ke kwance a wani bene a garin nan. Ni ba a can nake ba, namu bai kai shi girma ba.

Kakana na wajen uba boyin Bature ne. Daga ƙasar Zazzau ya hau ƙaramin jirgin ƙasan nan da ke zuwa Jos, wanda aka daina a 1957, ya zo cin rani zamanin kuza. Ya fara da ɗaukar kwanon ƙasa a rami, daga baya ya samu shiga gidan wani Baturen kamfani a Bukuru. Ina ɗan shekara tara ya rasu. Abin da na riƙe game da shi kaɗan ne: dutsen gugarsa na gawayi mai zakara a baki, da yadda ba ya iya ganin cokali a karkace a kan tire sai ya daidaita shi, da kuma cewa ban taɓa jin ya ba da labarin abin da ya gani a gidan Baturen nan ba, ko da wasa. Babana, mai sayar da kayan gyaran mota a Dilimi, ya tashi ana yi masa gorin "ɗan boyi" a makaranta, bai kuma manta ba. Ranar da na yi masa bayanin aikin da aka zaɓe ni, ya yi shiru, can ya ce, "Wato karatun da na biya maka, ƙarshensa goge takalmin wani ƙato." Ban ba shi amsa ba, don a ranar ni ma ba ni da ita.

Horon sati shida ne. Otal ya ɗauko wani dattijon Bature daga Afirka ta Kudu wanda ya yi shekaru yana aiki a gidajen masu kuɗi a Ingila. Mu 12 aka tsamo, ni daga gidan abinci, inda na yi shekara huɗu ina ɗaukar faranti bayan na gama difloma. Satin farko ba mu yi komai ba sai tafiya. A cika kofunan gilashi da ruwa har baki, a ɗora a tire, ka hau bene ka sauko, idonka a gaba ba a kan tiren ba. Ka shiga ɗaki ba a ji takunka ba. Ka ƙwanƙwasa, ka faɗi ko kai wane ne, ka jira, har sau uku, in ba a amsa ba ka koma. Da ya zo nan na yi murmushi, don tun a Islamiyya aka koya mana neman izini sau uku ne, in ba a ba ka ba ka juya.

Sannan aka shiga akwati. Kafin ka ciro komai ka kalli yadda mai shi ya jera, don haka yake son ya same shi ranar tafiya. Takalma a ƙasa ta wajen taya, farar takarda mai laushi tsakanin ninki da ninki. Magani da takardu da duk abin da ke cikin ƙaramar jaka mai zif ba ka buɗewa. In ka laluba aljihun wando kafin a kai wanki ka samu kuɗi ko 'yar takarda, ka sa a ɗan faranti a kan tebur, ba ƙirgawa, ba karantawa. Aka koya mana karanta ɗan ƙyallen da ke wuyan riga: hoton dutsen guga mai ɗigo ɗaya, zafi kada ya wuce digiri 110, mai biyu 150, mai uku 200. Takalmin fata a shafa masa mai kaɗan-kaɗan, a bar shi ya sha kafin buroshi, a cusa masa katako don kada ya lanƙwashe. Har gugar jarida ya nuna mana, wadda ake yi a da don tawada ta bushe kada ta ɓata hannun maigida. Ban taɓa goge wa kowa jarida ba. Baƙon yau da ya shigo caja yake nema da lambar shiga intanet, in kuma Ba'amurke ne ka yi maza ka duba injin askinsa kafin ya cusa a bango, don ƙarfin wutarsu 120 ne, namu 230.

Abin da ya fi komai amfani shi ne ɗan littafin da ya tilasta wa kowa ya riƙe a aljihu. Labarin zuciya a tambayi fuska, mu kuwa gado da faranti muke tambaya. Wane gefe ya kwanta, matashi nawa ya ture ƙasa, ruwan firji ya sha ko na kan tebur, me ya rage a faranti. In ya dawo bayan wata takwas ya tarar ba albasa a ƙwansa ba tare da ya ce komai ba, nan ne yake jin ya zo gida. Babban mutum ba ya son faɗin abu sau biyu, wani ma ko sau ɗaya.

Amma duk tsawon sati shidan nan ba a ambaci babbar riga ba. Ba laifin dattijon ba ne, abin da ya sani ya koyar. Akwatin gwajin da muka yi ta kwancewa muna ɗaurewa kwat ne a ciki da laktaye, alhali baƙin da nake karɓa, in ka ɗebe 'yan kaɗan, akwatinsu shadda ce da yadi da huluna da turare.

Asabar ɗin da ta biyo baya na bi maganar Alhaji. Akwai wani dattijo Bakano mai shagon wanki da guga a bayan kasuwar Wuse, wanda direbobin manya ke kai wa kaya. Na gaishe shi, na gaya masa abin da na yi. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya kira yaransa su zo su ga wanda ya yi wa gezna surace. Sannan ya ce, "To zauna, ɗana." Wata huɗu ina zuwa duk ranar hutuna, ina sayo masa goro.

A wajen Baba mai guga na koyi cewa sabuwar shadda busasshiyar guga ake yi mata, ta ciki, da farin ƙyalle a tsakani. Aikin wuya da na aljihu, aska biyu ne ko aska takwas, kifa shi ake yi a kan tawul a goge ta baya, in ba haka ba zaren ya kwanta, wahalar mai ɗinki ta tashi a banza. Wadda ta riga ta sha wanki sitaci ke tashinta, sai dai in ya yi yawa Alhaji zai riƙa ƙara kamar takarda in ya motsa a sahu. Ya ce asalin gyaran riga ma ba guga ba ne, bugu ne: a shimfiɗa ta a kan gungume a yi ta dukanta da mabugin itace har sheƙi ya dawo, kamar yadda ake yi a Kano har gobe. Ya koya mini ninki yadda karin guga zai sauko a miƙe daga kafaɗa, in mai ita ya saɓa hannun rigar ya zauna daram. Ya kuma ce kada in kuskura in ajiye wa mutum wando ban zura zariya a ƙubaka ba. "Ka taɓa ganin babban mutum, mota na jira a ƙasa, yana fama da zariya da murfin biro? Wannan kunyarka ce, ba tasa ba."

Hula kuwa ilimi ce mai zaman kanta. Maƙwabcinsa mai wankin hula, mutumin Bama, shi ya karɓe ni. Zanna bukar ta gaske da allura ake ɗinka ta, wata sai ta ci makonni a hannu. Ba ta shiga injin wanki. Da buroshi ake wanke ta, a sa mata sitaci, a kafa ta a kan katakon da ya yi daidai da kan mai ita har ta bushe. Abin da ya fi jan kunnena a kai shi ne kada in karya wa kowa hula. Kowa da karinsa, wani gaba, wani gefe, wani ba ya karyawa sam, kuma hannunsa ne kaɗai ya san wurin. Nakan jera uku kusa da riga in bar shi ya zaɓa. A garin nan launin hula ma magana ne: miƙa wa ɗan siyasar Kano jar hula alhali ba ɗan Kwankwasiyya ba ne, a ɗauke shi hoto da ita, ka ga yadda za ku ƙare.

Sai turaren wuta. Babu littafin Turawan da ya gaya maka abin da za ka yi in Hajiya ta fito da kasko da gawayi a hawa na bakwai, ƙarƙashin na'urar da ke jin hayaƙi. Na taɓa tarar da an ɗaure wa na'urar leda, wanda wasa ne da rayukan mutane. Yanzu kaskon lantarki nake ajiyewa tun kafin su iso, in nuna wa 'yar aikinta inda za a kafa kabbasa kusa da ƙofar baranda. Ɗakin barcinta ba na shiga, abokiyar aikinmu mace ke karɓa daga bakin falo.

Akwai wuraren da darasi da tarbiyyar gida suka yi karo kai tsaye. An ce in za ka ajiye faranti ta hagun baƙo, da hannun hagu za ka ajiye, don kada gwiwar hannunka ta tokare masa fuska. Hikima ce. Amma miƙa wa dattijon Sakkwato abinci da hagu ka gani. Ni ta dama nake zagayowa. An ce ka miƙe ƙyam ka kalli baƙo cikin ido don ya san kai mai gaskiya ne. Baturen Jamus haka yake so, basarake kuwa in ka tsura masa ido fitsararre ne kai. Sai ka koyi sauya jiki tsakanin ƙofa da ƙofa: a nan ka miƙe, a ta kusa da ita ka tuɓe takalmi ka durƙusa. Haka kiran suna. Gwamna mai girma ne, sarki mai martaba, Sarkin Musulmi mai alfarma, malami Allah gafarta Malam, wanda kuma ya bar kujera shekara goma da suka wuce yana nan yana jiran a kira shi da ita. Alƙibla daga Abuja gabas ce mai karkata arewa. Ban yarda da 'yar alamar da ake mannawa a silin ba tunda na ga mai fenti ya mayar da wata inda ya ga dama, kowane ɗaki da kaina na auna shi.

Sau ɗaya wani sarki ya sauka a wajena kwana uku. Kusan ɗan kallo na zama, don fadawansa sun karɓe komai, ni dai in nuna musu inda makunnin wuta yake. Akwai wanda ba ya komai sai shimfiɗa. Akwai mai tsayuwa a ƙofa wanda ya san wa zai shiga yanzu, wa zai jira, wa za a sallama da daɗin baki ba tare da ya ji an kore shi ba. A fadar Kano irin waɗannan ayyuka sarautu ne masu suna, Kilishi mai shimfiɗar sarki, Sallama mai iso. Da sarki zai zauna, sai dogarai suka buɗe manyan rigunansu suka yi masa katanga har ya gyara zama ya gyara amawali, sannan suka sauke. Malaminmu kwana biyu ya kwashe yana bayanin cewa kada batila ya bari a ga maigida a halin da ba ya so a gan shi. Ga dogari ya yi da hannun riga cikin daƙiƙa biyar. Ana zuwa Landan, inda Ivor Spencer ya buɗe makarantar batila a 1981, ana zuwa Holan, ana biyan kuɗi masu nauyi, ban kuma ce kada a je ba. Amma da masu tsara darasin aikin otal a ƙasar nan za su ɗauko tsohon bafade guda da mai guga guda su ba su awa bibbiyu a sati, da an rage irin ɓarnar da na yi.

Shirun kakana sai yanzu na gane shi. Lokacin zaɓen fid da gwani falon da nake kula da shi majalisa yake zama har asuba. Ina zuba shayi ana ambaton sunaye da kuɗaɗen da in na faɗa a Mararaba za a ce ƙarya nake. An taɓa tare ni a wajen ajiye motoci da ambulan mai kauri, ba a nemi komai ba sai in faɗi wanda ya shigo wajen wane daren jiya. Na ce ni shayi nake kaiwa, ba na ganin fuska. Matata ma ta gaji ta daina tambaya. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Iyakarsa guda ce a wajena: in na ga ana cutar da wani a ɗakin, masu tsaro zan kira, kuma na gaya wa oga haka tun ranar farko.

Ana yawan tambayata zancen giya. Na zauna a darasin don kada baƙo ya yi tambaya in yi zuru, amma hadisin da ya haɗa mai ɗaukarta da mai zuba ta cikin la'ana ba ɓoyayye ba ne, na kasa runtse ido a kansa. Muka yi yarjejeniya da wani abokin aikina ɗan Pankshin: in baƙona ya nemi kwalba shi ke kaiwa, ni kuma in azumi ya zo nakan karɓar masa hidimar sahur, ƙarfe 3 na dare ina kicin ina jiran kunun gyada, ranar Kirsimeti ma ni ke tsaya masa. Na san hakan ya rufe mini wasu ƙofofi. Wasu 'yan'uwa suna zubawa, ban zama alƙalinsu ba.

Gyadar nan ma ta kusa jawo abin da ya fi na riga. Wata Baturiya ta rubuto tun kafin ta zo cewa jikinta ba ya ɗaukar gyada, irin wanda maƙogwaro ke kumbura numfashi ya tsaya. Kicin sun kiyaye. Da daddare abokan aikinta suka aiki direba ya sayo tsire don ta ɗanɗana abincin ƙasa, aka miƙo mini in juye a faranti. Ina buɗe takardar ƙanshin ƙuli ya buge ni. Su ba su san da ƙuli-ƙuli ake haɗa yajin tsire ba, ni kuwa a bakin tukubar unguwarmu na girma. Na sa kuku ya gasa mata nama daban da gishiri da barkono kawai. Abin da aji ya ba ni a nan lissafi ne: dafaffen abinci kada ya wuce awa biyu a ajiye, tsakanin digiri 5 da 60 ƙwayoyin cuta ke yaɗuwa. Yana da amfani, don manyanmu da yawa ba sa cin abincin otal. Daga gidan ƙanwa a Asokoro ake kawo tuwon shinkafa da miyar kuka a kula tun la'asar, Alhaji kuwa sai 11 na dare zai waiwaye shi. Aikina in kai kicin a adana da zafinsa, in kawo da ruwan wanke hannu mai ɗumi, in kuma kwashe wuƙaƙe da cokula masu yatsun nan daga gabansa don kada su tsaya suna kallonsa.

Samari kan tambaye ni ta ina ake shiga. Ba a farawa daga batila. Ka yi shekara biyu ko uku a gidan abinci ko sashen gyaran ɗakuna, a ga hannunka, a ga amanarka. Akwai NIHOTOUR, cibiyar tarayya ta koyar da aikin otal, mai hedikwata a nan Abuja da reshe a Bagauda. Akwai ITF, asusun gwamnati na horar da ma'aikata, da aka kafa a 1971, hedikwatarta na garinmu Jos. Kwalejin kimiyya da fasaha ta Kaduna na ba da difloma a fannin. Turanci dole ne, in ka ƙara da Faransanci ko Larabci ka yi wa tsaranka nisa. Albashin ba zai gina maka gida a Gwarinpa ba, alherin baƙi kuma ba a sa masa rai: wanda ka yi wa kwana goma a tsaye zai iya tafiya da "Allah ya yi albarka". Ga cunkoson Nyanya da ke sa in baro gida kafin asuba. Shekarata 34, jijiyoyin ƙafata sun fara fitowa.

Da babbar Sallar bara na je Jos. Daren jajibere ina zaune a tsakar gida, sanyin damina na sauka, sai Babana ya fito da babbar rigarsa a hannu, sabuwa, ruwan ƙasa, wadda ni na aika masa da yadin. Wajen mai guga na bakin layi ya saba kaiwa. Ya tsaya a kaina kamar mai neman wani abu, sannan ya ajiye ta a kan tabarma kusa da ni. Ba wuta. Ya koma ciki, na ji yana jan akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gado, ya fito da dutsen gugar kakana, zakaran ya yi tsatsa amma yana kamawa. Ya ce wa ƙanwata ta ɗebo garwashi a murhu.

Na goge ƙasan dutsen, na karɓi farin ƙyalle wajen Inna, na juya rigar ta ciki, na kifa aikin a kan tawul. Yana tsaye yana kallon hannuna har na gama gefe ɗaya.

Ya ce, "Haka yake kifa ta." Sai ya jawo kujera ya zauna. "Ka kula, wannan dutsen yana zubar da toka ta gefen hagu."